Tukunya Uku a Garejin Sitaf Haggai

Duk wanda mota ta taɓa mace masa a Zuru ya san garejin Sitaf Haggai, ko da bai san sunan mai shi ba. Rumfar kwano ce a bakin hanyar Kontagora, da rami guda na shiga ƙarƙashin mota, da benci mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ne. Shi kansa gajere ne kakkaura, ya ba sittin baya, yana tafiya ƙirji a gaba sai ka ce yanzu za a kira fareti. Shekara ashirin da shida ya yi a soja bai taɓa harbin kowa ba, kuma ba ya jin kunyar faɗa. A wajen gyaran motocin soja ya yi rayuwarsa, har Laberiya an kai shi, can ma ƙarƙashin mota ya kwanta ya dawo.

A Manga aka haife shi, kuma manomi ne kafin ya zama komai. Shekara bakwai ya yi yana golmo, wato aikin gonar da saurayi kan yi wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita, shi da samarin tsaransa, daga shuka har sussuka, sannan aka ba shi Hannah. Wannan labari ya ba da shi ya fi a ƙirga, kuma duk bayarwa gonar surukin nasa ƙara faɗi take yi. Abin dariyar shi ne tun da ya buɗe gareji bai sake taka gonarsa da kaka ba. Hannah ce ke tattara kayanta ta koma Manga in amfani ya nuna, ta kwana biyu can tana fama, shi yana nan yana cewa aiki ya yi yawa.

Da ya yi ritaya ya dawo gida sai ya tarar motocin Kwatano sun cika gari, yawancinsu otomatik, babu kuloci, babu abin takawa na uku. Makanikan gari in an kawo musu irin wannan sai su canja mai, su ce a gwada Kontagora ko Kaduna. Haggai ya ɗauki abin zagi. Ya sayi mataccen giyabos ya baje shi a kan buhu, ya gane komai a ciki sai abu ɗaya. Wani ƙarfe ne mai nauyi, zagayayye, kamar an kifa kwano biyu baki da baki an yi musu walda, yana zaune tsakanin injin da giyabos. A takarda tok kambata ake ce masa. Haggai ya ce tukunya ce, tukunya kuwa ta zama a bakin kowa a layin. Ba ta da murfi, ba ta da inda za a buɗe ta, don haka ya kai wa maƙwabcinsa Malam Ladan mai walda, wani dogon Bakabe mai bakin tsiya, ya ce ya yanka masa ita.

Fanka biyu suka tarar suna fuskantar juna, da wata ƙarama a tsakani, ba wadda ta taɓa 'yar'uwarta. Injin ke juya ta farko, ita ta watsa mai, man ya bugi ta biyu ya juya ta, ta biyun ta ja mota. Haggai ya tsuguna ya yini yana kallo.

"Wato mai ne yake jan mota?" ya ce.

"To mi kaka son shi ja ta, Sitaf, aljannu?" in ji Ladan.

Daga wannan rana tukunya ta zama sana'arsa. Ya koyi zaunar da ita a kan sandar giyabos, a juya a tura har ta faɗa sau uku kafin a ɗaura, don in ta faɗa sau biyu aka matse noti, famfon mai ya tafi. Ya koyi cewa zafi ne ajalinta. In mota tana gudu a kan titi, tukunya hutawa take. In kuwa tana rarrafe da kaya, fankokin nan sai su yi ta dama man yana zafi, kuma ba abin da ke sanyaya shi sai iskar da ke shiga ta lagireto. Ya kuma koyi cewa rabin ciwon mota a bakin mai ita yake. Saboda haka kafin ya taɓa sifana sai ya zaunar da mutum a bencin nan ya tsare shi da tambaya. Ina kake zuwa da ita? Me kake ɗora mata? Wa ke tuƙawa in ba ka nan? An taɓa jan ta da igiya? Manyan mutane sun yi gumi a bencin nan, har da wani fasto da ya amsa cewa ya ja tirelar bulo. Shekara goma sha biyar ba a taɓa dawo masa da aiki ba, kuma wannan shi ne duk abin da ya mallaka na alfahari, ya fi lambobin yabon soja da ke cikin akwatinsa.

Sai Philemon ya zo neman auren Leah, autar Haggai.

Philemon ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani ƙaramin asibiti a Dirin Daji. Mahaifinsa ma soja ne, amma a barikin Legas ya tashi, siriri, mai tabarau, mai ladabi har ya yi yawa. Ranar da danginsa suka zo gaisuwa, Haggai ya sha shayi ya ji daɗi, ya ba da labarin golmonsa kamar kullum, ya rufe da cewa samarin yanzu ko zangarniya ɗaya ba su taɓa sussuka wa suruki ba, sai dai su zo da mota su danna hon. Aka yi dariya aka watse. Shi kafin ya kwanta ma ya manta ya faɗa.

Da kaka ta kama, Hannah ta koma Manga. Ba a yi sati uku ba sai ga Philemon ranar Litinin da doguwar motarsa mai ruwan toka, an wanke ta fes har cikin injin. Ya durƙusa nesa da rami ya gaida Baba. Ya ce motar tana kuka ba ta tafiya, in ta kama gudu kuma sai ta riƙa karkarwa. Haggai ya zaro sandar awon mai ya shinshina. Man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi, yana ƙauri kamar an manta miya a wuta.

A nan ne ya kamata a zauna a benci. To amma wa zai tsare surukinsa da tambaya a bakin titi? Ina kake zuwa, wa kake ɗauka, wannan ai tambayar mai zargi ce, kuma mutumin da zai auri 'yarka ba a yi masa ita. Ko ido ba sa haɗawa sosai. Haggai ya dubi taya, Philemon ya dubi ƙasa.

"Hanya dai lafiya, ɗana?"

"Lafiya lau, Baba."

Iyakar binciken ke nan. Haggai ya sauke giyabos, ya sa wata tukunya ta Beljiyam mai kyau, ya canja filta da mai, ya hau motar har kusa da Dabai ya dawo. Tafiya take sumul. Ya ba shi makulli yana jin daɗin ya nuna wa yaron gidan da zai shiga.

Sati biyu cif, sai ga motar. A wanke fes, mai baƙi, ƙauri iri ɗaya.

Haggai ya zagaya ta sau uku. Ladan ya ɗaga gilashin waldarsa ya leƙo ta kan katanga.

"Sitaf, motag ga ta dawo? Ko idona na?"

"Tukunyar Beljiyam ce, ba a san cikinta ba," in ji Haggai.

Suka yanka ta. Cikin lafiya lau yake, babu abin da ya karye, sai dai ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, fatar da ke kama gudu kuma ta ƙone ƙurmus. Zafi ke nan. To daga ina? Ya busa faif ɗin da ke kai mai lagireto, iska ta fita ba tangarɗa. Ya gwada fankar lagireto, tana tashi a kan lokaci. Ya auna famfo. Ya duba birki ko yana riƙewa. Duk inda ya sa hannu lafiya yake samu, kuma kowace lafiya ƙara rikita shi take. Da ya sami ko noti ɗaya da ya kwance, da ya rungume shi.

"Ka tambai shi inda shika zuwa da ita?" Ladan ya tambaya.

"Surukina zan tsare kamar ɓarawo?"

"Ka tsare fasto."

"Fasto ba zai auri 'yata ba."

Ya sa tukunya ta biyu, wadda shi da kansa ya zaɓa, ya zaunar da ita yana ƙirgawa da baki. Ya ji ta faɗa sau uku. Bayan ya ɗaura sai ya tsaya da sifana a hannu: sau uku ya ji, ko sau biyu ne ya ƙara ɗaya daga kansa? Ya kwance komai ya sake. Abin da bai gaya wa kowa ba, ko Hannah, shi ne wata shida ke nan hannunsa na dama yana ɗan rawa da safe, sai ya riƙe kofin shayi da hannu biyu. Da can yana ce wa kansa sanyi ne. Yanzu ya fara tsoro, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko a Laberiya.

Ta sake dawowa. Wannan karon magana ta riga motar isowa. A wajen mai shayi an ce hannun Sitaf ya mutu. Wani ya ce ido ne, wani ya ce dama can sa'a ce. Wata ma ta ce ai motar ce ba ta son auren. Hajiya Munira, mai sayar da atamfa a kasuwa, wadda shekara takwas ba wanda ke taɓa motarta sai shi, ta aiko a ce tana son kawo tata amma za ta ɗan jira ta ga yadda ta surukin za ta ƙare. Wannan saƙo ya fi duk surutun zafi a wurinsa.

Philemon kuwa kullum ƙara ramewa yake, yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi, hannuwansa a cikin aljihu. Haggai ya ɗauka tausayinsa yaron yake ji, sai abin ya ƙara ci masa rai. Ya sa tukunya ta uku. Ya wanke lagireto ciki da waje, ya canja faif ɗin da ba abin da ya same su, ya sa man da ya fi kowane tsada, ya yi addu'a a kan bonet, abin da bai taɓa yi ba. Ya hau motar ya yi kusan awa biyu a kan hanya, ya dawo ya taɓa giyabos, ɗumi kawai. Ya miƙa makulli ba tare da ya san abin da ya gyara ba.

Ranar Asabar ya kasa zaman gareji. Ya ɗauki sifana ya ajiye, ya ɗauka ya ajiye. Can ya ce wa ransa, in hannun ya tafi ai gona tana nan, gara ya je ya ga inda zai ƙare. Ya rufe rumfa ya tare kabu-kabu zuwa Manga, bai aika wa kowa ba.

Tun kafin ya sauka ya ji kukan injin daga bayan gari, wajen falalen dutsen da ake sussuka. Ya san kukan. Ya sallami mai babur ya bi ta cikin karan dawa, ya fito fili ya tsaya.

An baje zangarniyar dawa a kan dutsen, tudu guda. A kanta motar nan mai ruwan toka take zagayawa a hankali, a hankali, taya yana nutsewa yana fitowa, injin yana gurnani. But a buɗe, cike da duwatsu. Mata uku majiya ƙarfi suna zaune a kujerar baya don a ƙara nauyi, suna hira abinsu. Philemon na riƙe da sitiyari, tawul a kai, ƙafa ɗaya a totur ɗaya a birki. A gaban motar, daidai inda iska ke shiga lagireto, an ɗaure buhu biyu tamau da igiya. Hannah na biye da sanda tana juya zangarniya. Ƙaurin man ya iso hancin Haggai tun daga inda yake.

Philemon ya hango shi, ya taka birki har matan suka gwaru, ya fito ya zube a kan ƙaiƙayi.

Hannah ce ta zo ta ja mijinta gefe, ƙarƙashin ɗorawa.

"Baban Leah, lafiya? Wa ya mutu?"

"Mene ne wannan?"

"Sussuka. Ka manta kamanninta?"

"Da mota?"

"To da me? Kai ka ce a gaban danginsa bai taɓa sussuka maka zangarniya ba. Ya zo nan ya ce zai yi golmo. Ba shi da tsara a garin nan, a bariki ya tashi, wa zai taya shi? Ranar farko da sanda ya fara, kafin rana ta take tsaka hannun ya fashe. Ni na ce ya gwada mota, na ga ana yi da tarakta. Ya yi mana wake, ya yi na ƙannenka biyu, yau dawarka ce."

"Buhun fa?"

"Ni na ɗaura. Kada ƙaiƙayi ya shiga ya ɓata maka aiki."

Haggai ya dafe kai. "Maman Leah, tukunya uku! Kin san motar nan sau uku tana zuwa wurina?"

"Na sani mana, na ce ai surukinsa likitan mota ne. To me ya haɗa? Motar da ke zuwa Kaduna ta dawo, wannan ɗan zagayen ne zai kashe ta? Ko gudu ba ya yi."

Ya so ya yi mata bayanin fanka biyu da mai, ya rasa ta inda zai fara. Ya je ya tsinke igiyar ya yar da buhunan, ya ce matan su sauka. Murna ce ta fara zo masa, mai ƙarfi. Hannunsa lafiya! Sau uku ta faɗa, kowane karo! Ji yake kamar ya hau babur yanzu ya shiga Zuru, ya tsaya wajen mai shayi, ya bi rumfar Hajiya Munira, ya gaya wa kowa. Bayan murnar haushi ya biyo, ya juya zai zazzaga shi a kan Philemon, sai ya ga tafin hannunsa. Duk ya sale, wani wurin ya warke wani bai warke ba. Abin da yake ɓoyewa a aljihu ke nan.

"Baba, ku yi haƙuri," in ji Philemon, kai a ƙasa. "Na so in gama kafin ku ji."

Hannah ta matso ta rage murya. "Matan nan 'yan'uwana ne, na rantsar da su. Gidaje suna can nesa, kowa yana tasa gonar. In aka ji a Zuru ya yi golmo da mota, kai ka san mutanenmu. Waƙa za su yi masa. Har 'ya'yan Leah za a riƙa nunawa."

Ya sani kuwa. Ya san wani da aka kama yana barci a gonar suruki shekara arba'in da suka wuce, ya mutu, sunan tsiyar da aka sa masa yana nan a kan jikokinsa. Ya tsaya yana duban dawar, tasa ce, rabi a sussuke rabi ba a taɓa ba. Ya rasa wa zai ji haushi. Yaron da ya ɗauki wasa da gaske? Matar da ta ɗaure buhu don ta kare masa aiki? Ya laluba ya laluba, duk inda ya bi sai ya dawo kan bakinsa da kofin shayin nan.

Ya karɓi sandar hannun Hannah. "A bar motar ta huce," ya ce wa Philemon, yana duban taya. "Ka kwashe duwatsun. Litinin ka kawo ta." Ya gyara riƙon sandar. "Ka wanke ta kamar yadda ka saba."

Sauran dawar da sanda aka gama ta, shi da matan, har yamma. Kwana biyu kafaɗarsa ba ta ɗagu ba.

Litinin da hantsi motar ta shigo gareji tana karkarwa, a wanke fes. Hajiya Munira ta riga ta iso da tata, ta ce wucewa take ta tsaya su gaisa, amma ba ta kashe injin ba. Masu shayi biyu sun sami dalilin tsayawa a inuwar rumfa. Ladan ya ajiye walda ya zagayo gaba ɗaya.

"To, Sitaf. Ka gano? Mi yah hwaru?"

Haggai ya goge hannu da tsumma. Philemon na tsaye can gefe kamar wanda ake jira a yanke wa hukunci. Amsar tana bakin Haggai, gajeriya, mai daɗi, wadda za ta mayar masa da shekara goma sha biyar a numfashi ɗaya.

"Na gano," ya ce. "Ni ne. Ban zaunar da ita daidai ba. Duka ukun."

Ba a taɓa jin ya yi ƙarya a kan aiki ba, shi ya sa kowa ya yarda nan take, kuma saurin yardar ya yi masa ciwo fiye da ƙaryar. Masu shayi suka dubi juna. Hajiya Munira ta ce Allah ya kyauta, girma ne, kowa zai je. Ta ce dama tana da sayayya a Kontagora, ta ja motarta a hankali ta hau titi.

Ladan bai motsa ba. Ya jira har suka watse.

"Ni niy yanka tukwanen ga, Sitaf. Na ga cikinsu. Wadda ba ta zamna ba, ba haka take ƙonewa ba."

"Ba ka duba da kyau ba, Malam Ladan."

Ladan ya dube shi, ya dubi Philemon, ya sake dubansa. Ya sauke gilashin walda a fuskarsa ya koma rumfarsa.

Haggai ya ce wa surukin ya hau da motar kan rami, ya tafi aiki, kada ya makara. Ya ɗauki sifana ya sauka. Ya daɗe a ƙasa, man yana ɗiga kusa da ƙafarsa, bai kwance ko noti ɗaya ba.